Bayan Ruwa Ya Ɗauke, Wa Ke Buɗe Mana Hanya?

Uwargida, da amarya, da ke 'yammata da kike leƙa shafin nan kafin Mama ta karɓe mujallarta. Ya ruwa? Na san amsar da za ki ba ni: ruwa ya yi gyara. Haka muka taso muka ji ana amsawa, kuma gaskiya ce, domin in ba don shi ba da babu masarar da ke cikin rumbu, babu raken da ake lodi a bakin titi. Sai dai duk macen da ke zaune a ƙasar Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa ta san bayan gyaran akwai aikin da ruwa ke bar mana a ƙofar gida, kuma a kan wannan aikin nake so mu zanta a wannan wata.

Tambayata guda ce. Idan aka kwana ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsakiyar marka, gari ya waye kwalbati ya toshe, yashi ya binne titi, kwari ya yanke hanyar asibiti da ta kasuwa, aikin wane ne ya zo ya buɗe? Ki lura, ban ce wa zai kawo mana tabarma da bargo ba, wannan zance ne daban. Na ce wa zai buɗe hanya, kuma cikin kwana nawa?

Ni dai aikina koyarwa ne a makarantar Islamiyya, 'yammata da yamma, matan aure Asabar da Lahadi. Ko ba a gaya mini watan da ake ciki ba, rajistar aji za ta gaya mini. Ranar da aka yi ruwan ba ta dame ni ba, kowa ya san uzuri ne. Abin da ke ci mini rai shi ne kwana huɗu ko biyar bayan ruwa ya ɗauke, rana ta fito tarwai, amma yaran hayi ba su dawo ba, saboda inda suke tsallakawa har yanzu tafki ne. Babu uwar da za ta saki 'yar shekara 8 ta ratsa ruwan da ya kai mata ƙugu don ta zo ta ba da hadda, ni ma ba zan saki tawa ba. Yarinya ta rasa mako guda a nan, mako guda a can, kafin kaka ta yi an wuce ta da shafuka, sai kunya ta kama ta. Wata daga nan ta bar zuwa ke nan.

Mu fara da sanin ƙasar da muke zaune a kai. Mu ne kudancin Jihar Kano, kuma mun fi sauran jihar samun ruwan sama. Wanda ya taso daga Dambatta ko Kunchi ya shigo Doguwa a watan Agusta sai ya ɗauka wata jiha ya shiga. Duwatsun Riruwai, inda aka yi haƙar kuza tun zamanin Turawa, su ne wuri mafi tudu a jihar. Ruwan da ya zuba a can ba ya zama, gangarowa yake yi ta dajin Falgore, rafi ya haɗu da rafi su faɗa Kogin Kano, shi kuma ya zube a madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gina Tiga ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, ita ce ke shayar da shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure da rani. Idan ta cika ta tumbatsa kuwa, ruwan ya bi ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, kamar yadda ya yi ɓarna a 2001. Kin ga ke nan kafin ruwan nan ya isa madatsa, sai ya ratsa ta ƙarƙashin wata gada ko wani kwalbati na garin ɗaya daga cikinmu.

Iyayenmu na Bebeji ba su manta da watan Agustan 1988 ba, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle. Ba a ma haife ni ba, amma na taso ina jin tsofaffi suna lissafin shekarun 'ya'yansu da ita. Na kawo wannan ne don ki yarda da ni cewa ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san watan da yake zuwa, mun san inda yake bi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, har da fassarar Hausa, hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA kuma tana biyo baya da jerin wuraren da take tsoron ambaliya. Mai unguwa ma, da bai taɓa ganin waɗannan takardu ba, zai iya kama hannunki a watan Maris ya nuna miki daidai inda hanya za ta yanke a watan Agusta, domin nan ta yanke bara, nan ta yanke bara waccan.

Kwanan baya wata ɗalibata a ajin matan aure, wadda ƙaninta ke karatu a Kanada, ta nuna mana bidiyo a wayarta. Dare ne, gari ya yi fari fat da dusar ƙanƙara, ga motoci a jere suna tafiya a hankali: ta gaba tana ture ƙanƙarar gefe, ta bayanta tana zuƙe ta tana watsawa cikin tifa, tifar ta cika ta wuce wata ta maye gurbinta. Wata dattijuwa a ajin ta ce, “Ashe su ma suna da tasu daminar.” Aka yi dariya, amma maganarta ta zauna mini, domin ta faɗi daidai. Ƙanƙarar hunturu a wurinsu kamar marka ce a wurinmu: kowace shekara tana zuwa, a watannin da aka sani, tana rufe hanya, tana hana yara makaranta, tana tsare mai naƙuda a gida.

Na bi diddigin yadda suke yi. A birnin Montiriyal na Kanada, tituna da hanyoyin ƙafa da ake sharewa sun kai wajen kilomita 10,000. Da ƙanƙara ta fara sauka sai a watsa gishiri da tsakuwa don kada a zame, ta taru a ture ta gefe, in ta yi yawa a kafa alamar hana ajiye mota a layi, motar janwe ta zaga tana jiniya, wanda bai ɗauke motarsa ba a ɗauke masa, sannan a kwashe ƙanƙarar a kai ta inda aka tanada. A birnin Niyok na Amurka kuwa, hukumar kwashe shara ce ke da aikin, kuma motocin sharar nan dai su ake ɗaura wa ƙarfen turewa a gaba idan hunturu ya zo. Wannan ya burge ni, domin ba wata sabuwar hukuma aka ƙirƙira mai sabon ofishi da sabon shugaba ba. Maigida ma yana da nasa kaso a doka: idan ƙanƙara ta tsaya da rana, yana da awa 4 ya share hanyar ƙafa da ke gaban gidansa, in ya ƙi a ci shi tara.

Kada ki ɗauka yabon Turawa na zauna yi. Su ma abin yana fin ƙarfinsu. A watan Disamba na 2022 guguwar ƙanƙara ta rufe birnin Bafalo na Amurka, mutane da dama suka mutu, wasu a cikin motocinsu, jama'a suka yi ta zargin hukuma da jinkiri. Kuma ban ce ƙaramar hukumar da ke fama da albashi ta yi gogayya da Kanada a yawan motoci ba. Abin da na ɗauko a wurinsu bai buƙatar dala ko ɗaya: tun kafin ƙanƙara ta sauka an rubuta wa zai fita, da me zai fita, da hanyar da zai fara buɗewa. Hanyar asibiti da ta motar kashe gobara da ta bas suna gaba, lungu yana baya, kuma mai lungun ya san yana baya, ya san kusan ranar da za a iso gare shi.

Akwai wani ƙaramin gari a Suwidin, sunansa Karlskoga, da labarinsa ya shafe mu mata kai tsaye. Da can manyan titunan mota suke fara sharewa, hanyar ƙafa ta zo daga baya. Da suka zauna suka duba sai suka ga mafi yawan masu tafiya a ƙafa da sassafe mata ne, masu kai yara makaranta da masu tura keken jarirai da masu zuwa aikin jinya, kuma masu tafiya a ƙafa su ne suka fi faɗuwa su karye. Sai suka juya tsarin, hanyar ƙafa da ta makarantun yara ta koma gaba, tunda mota ta fi mai goyo iya ratsa ƙanƙara. Kuɗin aikin bai ƙaru ba, jerin ne kawai ya sauya. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To mu fa? A nan ne zancen ke rikicewa, domin hanya ɗaya da kike bi daga ƙofar gidanki zuwa babban asibiti tana iya zama da iyayen gida uku. Babban titin Kano zuwa Zariya, wanda ya bi ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, na gwamnatin tarayya ne, kuma tarayya tana da hukumar gyaran tituna mai suna FERMA. Akwai titunan jiha, masu tasu hukumar, KARMA, da ma'aikatar ayyuka. Madatsar Tiga tana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ma ta tarayya ce. Hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ƙarfinta a cikin birni yake. NEMA da aka kafa a 1999 da takwararta ta jiha, SEMA, aikinsu agajin gaggawa ne. Saura kuwa, wato hanyar burjin da ta haɗa ƙauye da titi, da kwatar cikin gari, da ƙaramin kwalbatin da ke bayan makaranta, da jujin bakin kasuwa, duk na ƙaramar hukuma ne. Ba ra'ayina ba ne, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ne ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara. Kowace daga cikin 44 ɗin nan na Jihar Kano tana da sashen ayyuka da sashen lafiya da tsaftar muhalli. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ko ba komai ya tuna mana ƙofar da ya kamata mu fara ƙwanƙwasawa.

Na yi wannan dogon lissafi ne saboda na ga yadda rashin saninsa ke cutar da mu. Mace ta ce “gwamnati ba ta zo ba”, ki tambaye ta wace gwamnatin, ta yi shiru. Shi kuma wanda aikin ke wuyansa ya fi kowa jin daɗin wannan shirun.

Abin da ke faruwa a zahiri kin san shi. Waɗanda ke fara fita bayan ruwa samarin unguwa ne da shebur da diga da baro, da 'yan acaɓa da ke cika rami da dutse da reshe saboda abincinsu a kan hanyar yake, da yaran da ke tsayawa a bakin kwari suna tura motar da ta maƙale a ba su na goro. A inda rafi ya cika, majiya ƙarfi su ɗauki babur a ka su haye da shi, tsohuwa a goya ta. Allah Ya saka musu, su ne hukumar agajinmu ta kwana ukun farko. Bayan nan sai kwamiti ya zo da littafi ya ƙirga ɗakunan da suka faɗi. Bayan makonni, wani lokaci sai an fara girbi, a kira taro a raba shinkafa da bandir ɗin kwano da siminti, a ɗauki hoto. Ban raina tallafi ba, wadda ɗakinta ya rufta ta san darajar kwano ɗaya. Amma mun bari tallafi ya cinye zancen gaba ɗaya, har ya zama idan an raba buhu sai a ɗauka an sauke nauyi, alhali kwalbatin da ya mayar da ruwa cikin gidajen yana nan a toshe yana jiran baɗi.

Mu ma a makarantarmu mun ɗanɗana. Akwai kwalbati a hanyar da yaran hayi ke bi, yashi da leda sun cike shi har ciyawa ta fito a bakinsa. Shugaban makaranta da iyayen yara suka je wani ofishi, ba sai na faɗi wanne ba. Aka karɓe su hannu bibbiyu, aka ce a dawo. Suka dawo aka ce gireda ta lalace. Suka ce ai ba gireda ake buƙata ba, lebura goma ne da tifa ɗaya, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Damina ta shigo ta fita. Da kaka sai ga sunan unguwar a jerin masu karɓar tallafi, kuma na tabbata abin da aka kashe a kan buhunan nan ya ninka kuɗin leburan sau da yawa.

Wa ke biyan kuɗin wannan jinkiri? Maigida zai iya naɗe wando ya tsallaka. Mai ciki wata tara ba za ta iya ba. Ki tambayi kowace ungozoma a ƙauyukan da ke nesa da kwalta, za ta ba ki labarin naƙudar da ta zo da gardama cikin dare a watan Agusta, ga mota a bakin rafi ta wancan gefe, ga mace a wannan gefe. Awon ciki yana tsayawa, allurar rigakafin jarirai tana tsayawa, masu bi gida-gida da maganin kariyar zazzaɓi da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, su ma sai inda ƙafarsu ta iya kaiwa. Manyan hanyoyi ma ba su tsira ba. Wadda ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada ta ratsa Falgore zuwa Saminaka da Jos cike take da gadoji, kuma a daminar 2021 ruwa ya tafi da mota ɗauke da matafiya a wata gada a ƙasar Doguwa, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Gadar da ruwa ya ci gindinta da dare, ko ganga biyu da jan ƙyalle aka sa mata kafin asuba an ceci rai, kuma wannan ma yana cikin aikin da nake magana a kai.

Sai kuma abin da ruwan da ya kwanta ke haifarwa. Sauro ba ya buƙatar fiye da mako ɗaya zuwa biyu daga ƙwai ya zama mai cizo, don haka tafkin da aka bari kwana goma a bayan gida gona ce aka shuka. Mafi muni shi ne idan ruwa ya cika masai ya malalo ya sami rijiyar da ba ta da murfi ko bakinta ya yi ƙasa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a faɗin Nijeriya bisa ƙidayar hukumomin lafiya, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Saboda haka, 'yar'uwa, duk rijiyar da ruwan ƙasa ya shiga, kada a sha sai an yashe ta an zuba mata magani, kafin nan a tafasa na sha. Idan gudawa ta kama yaro kuma hanya a yanke, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ana neman yadda za a fita da shi, domin wannan riƙon ƙwarya ne kafin asibiti.

Yanzu bari in taɓo namu gefen, kada a ce malama ta ga laifin hukuma kaɗai. Me ke toshe kwalbati? Yashi, e, wannan na ruwa ne. Amma ki leƙa ki gani: ledar fiya-wata, ledar cefane, tsumma, kunzugun jarirai na zamani, ɓawon rake, toka. Daga ina suka fito? Akwai al'adar nan da ta zama ruwan dare, da hadari ya haɗo sai a ce wa yaro, “Maza ɗauki sharar nan ka zuba a kwata ruwa ya tafi da ita.” Ruwa ba ya tafiya da ita ko'ina, gidan maƙwabciyarki ta gangare yake kai ta. Mu da muke karantar da yara cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, bai kamata a ga sharar gidanmu ce ta zama abin cutarwar ba. Haka nan kududdufan da kakanninmu suka bari a gefen gari, inda aka haƙi ƙasar gini, su ne ma'ajiyar ruwan unguwa. Yau an cike da yawa daga ciki an yanka filaye, an yi gini a kan hanyar ruwa, sannan a yi mamakin ganinsa a tsakar gida.

Kakata takan ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda idan aka ce ya shigo unguwa mata ke rige-rigen wanke randa da share kwata, domin yana leƙa tulu ya ga tsutsa sai tara. Iyayenmu kuma sun ga tsaftar dole ta zamanin Buhari da Idiyagbon a 1984 da 1985, wadda ta bar mana gadon tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Ba ina kewar bulala ba ne. Amma ma'aikatan tsaftar muhalli suna nan har gobe, Makarantar Koyon Tsafta ta Kano tana yaye su, kuma na fi son in ga ɗayansu a bakin kwatarmu a watan Mayu da in gan shi da takardar ƙirgar marasa lafiya a watan Satumba.

Aikin gayya kuwa, da ƙungiyoyin taimakon kai da kai da Kano ta yi suna da su, suna iya abu mai yawa: yashe kwata, cika buhunan yashi, buɗe bakin ƙaramin kwalbati. Mu mata ko ba mu riƙe shebur ba, mu ne masu kunu da ɗanwake da ruwan sha, mu ne kuma masu cewa ɗa ya tashi ya fita. Sai dai gayya tana da iyaka, kuma a nan nake saɓawa da masu cewa mu daina jiran kowa mu yi da kanmu. Samari sun yashe kwata sun tara laka a bakinta, in babu tifar da za ta kwashe, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Na ga wannan ya fi sau a ƙirga. Gayya ba ta zuba kankare, ba ta gyara gindin gada, ba ta da gireda. Maigidan Niyok yana share gaban gidansa ne saboda ya san motar hukuma za ta share titin. Idan muka ɗauke wa hukuma nata kason muka haɗa da namu, mun koya mata barci ne kawai.

Me za mu roƙa ke nan? Ba motoci ɗari ba. Mu roƙi abin nan da na ce ki riƙe, wato jeri. Kowace mazaɓa tana da wurare biyu ko uku da kowa ya san su ne ke yankewa. A rubuta su tun rani. A yashe su a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ƙasa ke bushe, aikin yini biyu ne. A faɗa wa jama'a wanda za a kira idan hanya ta yanke, da lambar wayarsa, a manna a ƙofar asibiti da masallaci da gidan dagaci. Sannan a yarda cewa bayan babban ruwa hanyar asibiti ce farko, sai ta makaranta da rijiyar burtsatse, kafin ta ƙofar gidan wani babba. Idan maza kaɗai suka zauna tsara jerin nan, hanyar kasuwa da ta tasha za su fara tunawa, ba don mugunta ba, don su suke bi. Mashigar da yara ke tsallakawa da wadda mai awo ke bi, mu muka san su.

Kuma muna da inda za mu haɗa wannan sani ba tare da mun fita daga mutuncinmu ba. Ajin matan aure na Islamiyya guda ɗaya yana tara mata daga unguwa biyar ko shida. Minti goma bayan an tashi ya isa kowace ta faɗi inda ruwa ke tsare ta. Malama ko wata mai kyan rubutu ta rubuta wasiƙa gajera, shafi ɗaya: sunan wurin, abin da ya same shi, gidaje ko makarantar da abin ya shafa, da abin da ake roƙo a yi, da watan da ake so a yi shi. A haɗa da hoton waya, wanda aka ɗauka ranar da ruwan ke kwance, domin da rani wurin ba ya nuna laifinsa. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci, su ne iyayen ƙasa, kuma ba a tsallake su a ga daidai. Mazajenmu ko shugabannin makaranta su kai wa kansila da sashen ayyuka, a roƙi wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi. Zuwan baki da baki da mutanenmu suka yi a baya bai bar komai a fayil ba, shi ya sa kowane zuwa ya zama kamar na farko.

Tamu wasiƙar mun riga mun rubuta. Wurare uku ne a ciki: kwalbatin hanyar hayi, kwatar da ke malala gaban asibitin sha-ka-tafi, da bakin rijiyar unguwar gangare da ke buƙatar a ɗaga shi da bulo uku a yi masa murfi. Matan da suka iya rubutu sun sa hannu, sauran sun dangwala. Kwafi huɗu muka yi, na dagaci, na kansila, na sashen ayyuka, da wanda za a buga wa hatimi a ajiye a akwatin makaranta. Litinin ta farko a watan Maris za a kai, in Allah Ya kai mu, kuma mun sa Litinin ta farko a watan Afrilu ranar komawa tambaya.